Tocila mai araha: a gwada kafin a biya



Karatunmu na wannan karo a kan tocila ne. Wani zai ce: «Tocila kuma? Ai ko yaro ya san ta.» Gaskiya ne, kowa ya iya kunna ta. Amma mutum nawa suka iya zaɓenta? Ku tambayi junanku a aji: daga bara zuwa bana, tocila nawa ta mutu a gidan kowane ɗayanku?

Ranar kasuwa, ko a Maradi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ko ƴar kasuwar ƙauye, ba a rasa mai tebur da ya jera tociloli. Ga ja, ga kore, ga baƙa. Ga mai pil, ga mai caji, ga ta ɗaurawa a goshi. Yawancinsu daga ƙasar Sin suke zuwa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mai tebur ya haska maka ɗaya a ido, ka runtse, ka ce lalle wannan wuta ce. Ka biya, ka tafi gida. Kafin wata biyu, ga ta a hannun yara suna wasa da gangar jikinta.

A ƙasarmu, wajen mutum 1 ne cikin 5 ke da wutar lantarki a gida, kuma mafi yawansu a birane suke. Don haka tocila ba kayan ado ba ce a karkara. Ita ke nuna maka kububuwa a kan hanya da damina. Ita ke nuna wa uwa kunama kafin ta shimfiɗa wa yaro tabarma. Ungozoma na bukatarta idan naƙuda ta zo da tsakar dare. Makiyayi na duba bisashensa da ita. Ku ma da ita kuke bitar karatu bayan lisha.

Ni kaina abin ya taɓa cina. Da wata damina na je rangadin makarantu, na sayi sabuwar tocila a hanya. Haskenta kamar na mota. Dare na biyu na fito zan kewaya, na danna, shiru. Na girgiza ta, ta ƙyafta sau ɗaya ta mutu. Sai da yaron mai masaukina ya zo da fitilar ƙwai, sannan muka ga kunama a bakin ƙofa, taku ɗaya daga ƙafata. Da safe na kai tocilar wurin mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya yi dariya, ya ce: «Mushe, ai ƙwanta lafiya lau yake. Waya ce ta cire daga makunni.» Ya ɗiga mata dalma, ta kama. Tun ranar na fara binciken abin da ke cikin wannan ƴar roba, kuma shi ne zan gaya muku.

Mene ne ƙwan led?

Dattawa sun tuna tsohuwar tocila ta ƙarfe, mai cin manyan pil biyu ko uku. Ƙwanta na gilashi ne, da wata siririyar waya a ciki. Wuta takan bi wayar, ta yi zafi ƙwarai har ta ba da haske. Aibinta shi ne ɓarna: fiye da kashi 9 cikin 10 na ƙarfin pil zafi yake zama, ba haske ba. Kuma idan tocilar ta faɗi, sau da yawa wayar takan tsinke.

Tocilar yau wani irin ƙwai gare ta. A kan kwalinta za ku ga haruffa uku: L, E, D. Ana karanta su «led». Led ba shi da wayar da ke ƙonewa. Wani ɗan ƙanƙanin sinadari ne, bai kai ƙwayar gero girma ba. Idan wuta ta ratsa shi, sai ya ba da haske kai tsaye. Da ƙarfin pil iri ɗaya, haskensa ya ninka na tsohon ƙwai sau biyar ko fiye.

A shekarar 1962 wani injiniya a Amurka, Nick Holonyak, ya ƙera led mai jan haske. Irinsa ne ɗan jan idon nan da kuke gani a jikin rediyo. Amma jan haske ba ya karatu. An yi wajen shekara 30 ana neman mai shuɗin haske mai ƙarfi, domin daga shuɗi ake samun fari. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku ƴan ƙasar Japan suka yi nasara: Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura. A 1996 led mai farin haske ya shiga kasuwa. A 2014 aka ba su ukun babbar kyautar duniya ta ilimi, wadda ake kira Nobel. Masu ba da kyautar har sun ambaci amfanin da wannan ƙwai zai yi wa mutanen da lantarki bai kai gare su ba, wato irinmu.

Ku ɗauki tocila a kashe, ku leƙa cikin ƙwanta. Za ku ga ɗigo ruwan ɗorawa. Wani gari ne aka shafa a kan shuɗin led. Shuɗin haske ya haɗu da na ɗorawa, ido ya gan shi fari. Idan hasken tocila ya cika shuɗi, har yana gajiyar da ido, alama ce ta ƙwai marar kyau, ko kuma ana tura masa wuta fiye da ƙarfinsa.

Masu ƙera led na kirki sukan ce yana kai awa dubu 50 yana aiki. Mu yi lissafi. Idan kana kunna shi awa 4 kowane dare, awa dubu 50 dare 12500 ke nan, wato fiye da shekara 34. Jaririn da aka haifa ranar da ka saye shi zai yi aure, ya haihu, ƙwan bai mutu ba.

To, me ke kashe tocila cikin wata biyu?

Sau da yawa ba ƙwan ne ke fara mutuwa ba. Abubuwan da ke kewaye da shi ne. Mai ƙera tocila mai araha yana rage kuɗi a wurin da ido ba ya gani.

Na farko shi ne makunni, wato abin da ake dannawa ko turawa. A cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe. Kullum ana danna shi, ƙura na shiga, gumin hannu na shiga. Ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe. Daga nan sai tocila ta fara halin nan da kuka sani: ba ta kamawa sai an buga ta a tafin hannu.

Na biyu wayoyin ciki. Sirara ne kamar zare, kuma an liƙa su da dalma kaɗan, cikin gaggawa. Faɗuwa ɗaya daga kan jaki ko amalanke ta isa ta cire su. Wannan ciwo mai sauƙin magani ne. Kada ku jefar da tocila kafin mai gyaran rediyo ko mai gyaran salula ya duba ta.

Na uku ya fi su wayo, don haka mu tsaya a kansa. Led ba ya son zafi. Ko da yake bai kai tsohon ƙwai zafi ba, yana yin nasa, kuma dole zafin ya sami hanyar fita. A tocila ta kirki, led na zaune a kan ɗan farantin ƙarfe mai janye zafin, kuma akwai wani ɗan abu mai auna masa wuta daidai cikinsa. A tocila mai araha sau da yawa roba ce kawai a bayansa, kuma ana sakar masa wuta da yawa da gangan. Don me? Don ya yi walƙiya a kan tebur, mai saye ya ruɗu. Kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi ne: zai tashi, amma ba zai kai gari ba. Hasken ya fara dushewa, ya koma shuɗi-shuɗi, ya yi ta ƙyaftawa, ya mutu.

Akwai kuma tocila mai ƙwayaye da yawa, 7 ko 9 ko 12. Mutane na son ta, suna ƙirga ƙwayayen kamar yawansu ne ƙarfinta. Ba haka ba ne. A yawancin masu araha, duk ƙwayayen daga hanya ɗaya suke shan wuta. Idan ɗaya ya ƙone, rabonsa sai ya koma kan sauran, su ma su bi shi da sauri. Ƙwai ɗaya mai kyau ya fi tara marasa kyau.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A 2009 wasu masu bincike daga Amurka sun zagaya a ƙasar Kenya, sun tambayi masu gadin dare, da masu ɗaukar fasinja a keke, da masu gidaje, game da tocilolinsu na led. Babban kukansu shi ne saurin lalacewa. Tun 2007 ma Bankin Duniya ya buɗe wani shiri mai suna Lighting Africa, kuma cikin aikinsa har da gwada fitilu masu aiki da hasken rana, don a raba na gaske da na banza. Daga 2020 ana wannan gwaji ƙarƙashin sunan VeraSol. Amma ƴar tocilar kan tebur ba wanda ya gwada ta. Mai saye ne alƙalinta.

Pil da batir

Cikin wannan karatu, idan mun ce pil, muna nufin wanda ake jefarwa idan ya ƙare. Idan mun ce batir, muna nufin wanda ake yi wa caji.

Kowane pil yana da kai biyu. Kan mai ɗan tsini yana da alamar +, gindin yana da alamar −. Tsohon ƙwai bai damu da yadda aka juya su ba. Led kuwa ta hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta. Idan aka sa pil a juye, ba zai kama ba. Kafin ka ce sabuwar tocila ta mutu, duba + da − da aka zana a cikinta.

Pil na da girma iri-iri, kuma an rubuta sunan kowane a jikinsa. Babban nan na rediyo shi ne R20. Matsakaici mai kaurin yatsa shi ne R6, ana kuma rubuta masa AA. Siririn shi ne R03, ko AAA. Dukansu 1.5V ne, amma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. R20 kamar randa yake, R03 kamar ƴar buta. Abin da babban ke ɗauke da shi ya ninka na siririn sau da yawa, alhali kuɗinsu a kasuwa bai yi nisa da juna haka ba. A ganina, ƴar tocilar nan mai cin siraran pil uku ita ce ta fi kowace cin aljihu. Tana da kyau a hannu, ba ta da nauyi, amma kullum kana wurin mai tebur. Wanda ke haskawa kowane dare, gara ya nemi mai manyan pil.

Idan kun ga harafin L a gaba, kamar LR6 ko LR20, wannan pil ne mai tsada amma mai daɗewa. Kada a haɗa shi da marar L a tocila ɗaya. Haka kuma kada a haɗa sabo da tsoho. Tsohon zai ja sabon ƙasa, kuma shi ne zai fara zubar da ruwa. Ruwan pil na cin ƙarfe. Shi ne farin garin nan mai kama da kanwa da kuke gani a kan murɗaɗɗiyar wayar gindin tocila. A kankare shi da ɗan tsinke, a goge da busasshen tsumma, a wanke hannu. Idan za a ajiye tocila kwana da yawa, a cire mata pil. Wani amfani kuma: pil da rediyo ya ƙi, sau da yawa tocilar led takan ƙara ƴan kwanaki da shi.

Batir na tocila iri biyu ne. Akwai na dalma. Shi ne a cikin tocilar nan mai ɗan nauyi, mai ƙafa biyu da ake turowa a soka a bango. Halinsa ɗaya ne da na batirin babur: ba ya son a bar shi da yunwa. Idan ya ƙare aka ajiye shi sati biyu ko uku ba caji, ba zai ƙara ɗaukar wuta kamar da ba. A ƙauye wannan shi ke kashe shi, domin sai ranar kasuwa ake kai shi wurin mai caji. A kai shi tun hasken bai mutu ɗungum ba. Kada kuma a bar shi kwana biyu a jikin wuta, domin mai araha ba ya yanke wa kansa caji idan ya cika. Kuma kada a kunna tocilar tana soke a bango: ƙwayayen na iya ƙonewa nan take.

Na biyu shi ne litiyom, irin na salula. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar wuta da yawa, kuma bai damu ba ko an yi masa rabin caji. Abokin gabarsa zafi ne. A watannin Afirilu da Mayu zafin ƙasarmu na wuce digiri 40 a inuwa. Kada a bar irin wannan tocila a kan rufin kwano ko kusa da murhu. Idan fitilarku ta sola ce mai doguwar waya, farantin ya sha rana, fitilar ta zauna a inuwa, kuma a riƙa goge wa farantin ƙura. Batirin litiyom da ya kumbura ko ya fashe, a daina aiki da shi, a fitar da shi daga ɗaki. Yana iya kama wuta.

Mu karanta kwali

Ga wurin da karatunku zai yi muku rana. Mai tebur bai ƙera tocila ba, shi ma saye ya yi. Kwali ne ke magana, kuma kwali na iya yin ƙarya.

Harafin V na nufin ƙarfin turawar wuta. Farin led na bukatar wajen 3V kafin ya kama sosai. Shi ya sa tociloli da yawa ke cin pil uku: 1.5 sau 3 ya ba da 4.5. Batirin litiyom 3.7V ne.

Haruffan mAh na nufin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa, wato girman randar. Akwai wani batirin litiyom mai kama da babban yatsa, ana rubuta masa 18650. Lambar awonsa ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Na gaske yakan ɗauki 2000 zuwa 3500 mAh, mafi kyawunsa ma ba ya wuce 4000. Idan kun ga an rubuta 8800 ko 9900 mAh a jikinsa, ƙarya ce tsagwaronta. Ba a zuba tiya goma a ƙwaryar tiya uku. Ku auna shi a hannu: na gaske yana da nauyi wajen giram 45, na jabu sakayau yake.

Haruffan lm na nufin lumen, ma'aunin yawan haske. Kyandir ɗaya wajen lumen 12 yake bayarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai 60W wajen 800. Fitilar gaban mota guda ɗaya, irin ta da, 1000 zuwa 1500. To, ga ƴar tocilar dala ɗari an rubuta mata 10000 lm. Ku da kanku ku yanke hukunci. Kuma ba ma bukatar wannan. Lumen ƴan gomomi sun isa karatu da tafiyar dare.

Wani lokaci za ku ga hoton agogo da lamba, misali 20h, wato awa 20. A nan ma sai an lura. Masu ƙera tocila a Amurka sun yi wata ƙa'ida a 2009: ana ƙirga awoyin har sai haske ya ragu zuwa kashi 1 cikin 10 na farkonsa. Wannan a wurin masu bin ƙa'ida ke nan. Ke nan ko kwali ya faɗi gaskiya, ba duk awoyin ne masu hasken kirki ba. Tocila mai araha tana farawa da ƙarfi, sannan ta yi ta sauka a hankali kamar ruwan rijiya da rani. Ido ba ya lura da wuri, domin yana sabawa. Saboda haka ba a sanin tocila a mintin farko. Sai a awa ta biyu da ta uku.

A gaban mai tebur

Kada kunya ta hana ka gwaji. Kuɗinka ne. Kunna ka kashe sau goma. Idan ta ƙi ko sau ɗaya, ajiye ta. Bar ta a kunne, ka girgiza, ka ɗan buga ta a tafin hannu. Idan hasken ya ƙyafta, akwai abin da ya saki a ciki. Buɗe gindinta ka duba ko da tsatsa, ka ga ko murfin na ɗauruwa sosai. Wadda ke da zoben roba a bakin murfi ta fi hana ruwa da ƙura.

Kada ka yarda a haska maka a ido. Kowace tocila rana ce a cikin ido, kuma haske mai ƙarfi na cutar da shi. Haska ta a inuwa, a jikin bango ko ƙarƙashin tebur. Wata tana tattara haskenta wuri ɗaya kamar tsinin mashi. Tana kai nesa, tana burge mutane, amma ba ta nuna abin da ke gefen ƙafarka, kuma maciji ba a tsakiyar hanya kawai yake kwanciya ba. Ta gida da ta karatu, mai faɗin haske ake so. Idan tana da mataki biyu, babban haske da ƙarami, wannan alheri ne: ƙaramin ya isa yawancin aiki, yana tsawaita ran pil, kuma ƙwan ba ya zafi.

Sannan ka tambaya a gaban shaida: «Alhaji, in ta mutu kafin kasuwa mai zuwa, za ka canza mini?» Yadda ya amsa zai gaya maka abin da ya sani game da kayansa. Idan fitilar sola ce mai tsada, nemi rasit da takardar garanti, a rubuta ranar saye.

Lissafin shekara

Ku ɗauko allo ko littafi. Kuɗin da za mu sa misali ne kawai. Kowane aji ya canza su da na kasuwarsa. Ku tuna, abin da aka rubuta da F, a raba shi da 5 a sami dala.

Mu ɗauka wani manomi na sayen tocila ta 500 F, wato dala 100. Tana mutuwa bayan wata 2. A shekara zai sayi 6.
500 × 6 = 3000 F.

Tana cin pil na 300 F, wato dala 60, sau 2 a wata. A shekara sau 24 ke nan.
300 × 24 = 7200 F.

A haɗa: 3000 + 7200 = 10200 F. Jika 10 da dala 40.

Maƙwabcinsa ya sayi ƴar fitilar sola ta kirki 6000 F, jika 6. Ba ta cin pil. Mu ɗauka ta yi shekara 2.
6000 ÷ 2 = 3000 F a shekara.

Wa ya sayi mai araha? Ku lura kuma da inda kuɗin na farkon ya fi tafiya. Ba a kan tocila ba ne, a kan pil ne.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: dala 100 ce ke hannu ranar kasuwa, ba jika 6 ba. Talaka ba don wauta yake sayen mai araha ba. Amma akwai dabara. Ana iya jira kaka, lokacin da aka sayar da wake ko gyaɗa. Ana iya yin adashi. Mata sun riga mu sanin wannan hanya: ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a jihar Maradi suka fara a 1991, kuma yau sun bazu ƙasashe da yawa. Sai dai a kula, sola ma akwai jabu. Akwai tocilar da aka manna wa ɗan faranti kamar akwatin ashana, wanda ko ya wuni a rana abin da zai tara kaɗan ne. Kafin ka zuba jika 6, nemi wanda ya yi shekara da irin fitilar a garinku, ka tambaye shi.

Matattun pil da batir

Kada a jefa su a wuta, suna fashewa. Kada a zubar da su kusa da rijiya, ko a gona, ko inda bisashe ke kiwo. Kada a bar yara su fasa su ko su sa su a baki. Dalmar cikin batir guba ce, kuma ta fi cutar da ƙananan yara. Tsakanin 2007 da 2008, a wata unguwa da ke gefen Dakar, babban birnin Senegal, yara 18 sun mutu saboda ƙurar dalma, a wurin da mutane ke fasa tsofaffin batura. A tara matattun cikin gwangwani mai murfi, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Akwai kuma ƴan ƙananan pil masu kama da maɓallin riga, a cikin tocilar jikin makulli da kayan wasan yara. Idan yaro ya haɗiye ɗaya, kada a jira ya fita da kansa, kada a sa shi amai. Yana iya ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. A kai yaron likita nan da nan, ko da dare ne.

Aikin aji

Ga gwajin da kowane aji zai iya yi, ba tare da wani inji ba. A zaɓi dare marar farin wata. Mutum huɗu ko biyar su kawo tocilolinsu, kowace da sabon pil ko cikakken caji. A manna shafin farko na wannan jarida a jikin bango. Mai ido lafiya ya riƙe tocila, ya haska, ya yi ta ja da baya har inda ba ya iya karanta manyan haruffan sama. A ƙirga takunsa, a rubuta. Mutum ɗaya ne zai gwada dukansu, don ido da taku su zama iri ɗaya.

A bar tocilolin a kunne. Bayan awa 1 a sake gwadawa, haka bayan awa 2, da bayan awa 3. Kowane ɗalibi ya ja layuka a littafinsa: sunan tocila, kuɗinta, irin pil ko batirinta, abin da aka rubuta a kwalinta, sannan yawan taku a kowace awa. A taɓa kan kowace tocila a ji wadda ta fi zafi, a rubuta wannan ma.

Kuɗin pil na gwajin, aji ya haɗa, kada ya faɗa kan masu tocila. Idan kun gama, malaminku ya kwafe sakamakon a takarda ɗaya, da sunan garinku da kasuwar da aka sayi kowace tocila, ya ba mai rangadin makarantu ya kawo mana. Za mu buga na garuruwan da suka aiko.